Lasisin Dawo-Gobe

Shekara talatin da ɗaya ya yi a ofishin rajistar filaye, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa kama shi da laifi ba, domin bai taɓa yin wani abu da za a iya kama mutum da shi ba. Teburinsa ne na uku daga ƙofa, jikin tagar da gilashinta ɗaya ya fashe aka toshe da kwali. Duk wanda ya zo neman fayil ɗin filinsa, sai ya sauke tabarau kan karan hanci, ya dubi mutumin sama da ƙasa, ya ja durowa, ya mayar, ya ce, "Ka dawo gobe." Akwai wani dattijo da ya yi ta dawowa har Allah ya karɓi abinsa. Ɗansa ya gaji filin, ya kuma gaji goben. Ta haka sunan ya manne masa. Masinjojin ofis ne suka fara kiransa Dawo-Gobe a bayan idonsa, manya suka ɗauka, har ya zamana ko matarsa in ya ɓata mata rai da shi take kiransa.

Ba ya cin hanci, wannan kam ko maƙiyinsa zai shaide shi. Wasu suka ce tsoron Allah ne. Waɗanda suka fi saninsa suka ce ai wanda ya ci hanci dole ya tashi ya yi aikin, shi kuwa tashin ne ba ya so.

Abu ɗaya yake ƙauna a duniya, shi ne jarrabawa. In ya ji ana wata jarrabawa da ake ba da takardar shaida mai zanen zinare a gefe, sai ya sayi fom. Yana da ta buga tafireta, yana da ta taimakon gaggawa, ko da yake in ya ga jini jiri yake yi. Saura wata shida ya yi ritaya ya zauna jarrabawar hukumar kula da dillalan gidaje da filaye, ya haddace littafinsu kamar karatun ɗan firamare, ya ci da maki tamanin da ɗaya. Aka ba shi lasisi. Ya sa aka yi masa firam, ya rataye a falo saman talabijin, kuma bai taɓa tunanin zai sayar da ko akurkin kaji da shi ba.

Ritaya ba ta karɓe shi ba, ko kuma dai ba ta karɓi matarsa ba. Mutumin da ya saba fita bakwai da rabi ya zama kullum yana gida. Ya fara bin ta kicin yana tambayar dalilin da ya sa ake ajiye gishiri sama da sukari. Ya gyara mata yadda ake shanya, ya ce manyan kaya gabas, ƙanana yamma. Ranar da ta tarar ya manna wa robobin kicin lamba, ta zauna a kan turmi ta ce, "Malam, don girman Allah ka nemi abin yi. Ko gadi ne. Ni zan riƙa biyanka."

Ana cikin haka sai ga Auta.

Auta ƙanin matar ne, na ƙarshe a ɗakinsu, shekararsa arba'in da uku amma har yanzu duk dangi "yaron nan" suke ce masa. Ya sayar da wayoyi, ya sayar da tsofaffin motoci, ya sayar da maganin rage tumbi alhali nasa tumbin yana gaba da shi taku ɗaya. Yanzu ya koma dillancin gidaje, yana da yara biyu masu yawo unguwa-unguwa suna nemo masa gidajen haya. Bakinsa kuwa in ya fara magana, sai ka sayi rijiya a tsakiyar kogi.

Ya shigo falo ya zube a ƙasa, ya ƙi hawa kujera, ya gaishe da mijin yayarsa sau uku. Sannan ya ɗaga kai ya dubi firam ɗin nan ya girgiza kai kamar mai ta'aziyya.

"Yaya, wallahi duk sanda na ga takardar nan sai raina ya ɓaci. Zinariya ce fa aka rataye ƙura na hawa."

Abin da ya faru shi ne hukuma ta tsananta. Ta ce duk ofishin dillanci dole ya kasance ƙarƙashin mai lasisi, wanda zai sa ido a kan duk abin da dillalai suke yi, in ba haka ba a garƙame ofishin. Auta ya zauna jarrabawar sau biyu, sau biyun duka ya dawo yana cewa an canza tambayoyi.

"Ba abin da za ka yi, Yaya," in ji shi. "Zama kawai. Kujera mai juyawa, na riga na saya. Sunanka a ƙofa. Mu ne 'yan wahala, mu sha rana, kai kuwa uba ne. Uba ai ba ya aiki, albarka yake sawa."

Dawo-Gobe ya gyara zama, ya yi gyaran murya. Ya buɗe baki zai ce a dawo gobe, sai matarsa ta leƙo daga ƙofar kicin da ludayi a hannu ta ce, "Ya yarda."

Ofishin yana hawa na biyu, saman wani kantin magani. Ɗaki uku ne: na gaba mai benci da teburin sakatariya, na tsakiya inda dillalai suke zubar da kwalkwalin babur da bawon gyaɗa, sai na ƙurya, wanda aka rubuta a ƙofarsa da manyan baƙaƙe, Babban Dillali Mai Sa Ido. Ranar farko Dawo-Gobe ya tsaya gaban ƙofar nan ya karanta rubutun har sau huɗu. Ya shiga ya zauna, ya juya dama, ya juya hagu. Shekara talatin da ɗaya yana kan kujerar katako mai ƙusa, yau ga shi yana juyawa. Ya ji hawaye na neman zubo masa.

Ya ɗauki sa idon da muhimmanci, kada a zalunce shi. A makon farko ya zauna ya tsara Ƙa'idojin Ofis guda ashirin da bakwai, ya sa aka buga, aka manna a kowane ɗaki. Ba a ɗora ƙafa kan kujera. Ba a amsa waya ana tauna. Kofin da ke da zanen fure na Babban Dillali ne. Duk wanda ya shigo zai fara gaishe da Babban Dillali kafin ya ajiye kwalkwali. Ba a kunna fanka lamba uku sai in baƙo ya zo. Ƙa'ida ta sha tara ta hana fito a kan matattakala. Kuma yana bin su sau da ƙafa. Dogo, babba a cikin dillalan biyu, ya sha faɗa a kan fito har ya koma yin waƙa a zuci.

Sakatariyar ce kaɗai ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yaba ba. Mace ce mai kimanin shekara arba'in, ta yi shekara goma a ofishin wani lauya kafin lauyan ya rufe. Ba ta da yawan magana, amma idonta kamar na mage. Ranar da ta gama buga ƙa'idojin ta shigo ta ajiye masa littafin hukuma a kan tebur, ta ninke wani shafi.

"Baba, ka ɗan duba nan. Sun ce duk yarjejeniya sai mai lasisi ya karanta da idonsa kafin ya sa hannu. Kowane gida sai an buɗe masa fayil, da takardar izinin mai gidan a ciki. Kuɗin mutane kuma ba ya kwana a aljihun dillali, asusun ofis yake shiga."

Ya sauke tabarau. "'Yata, kin san maki nawa na ci a littafin nan?"

"Na sani, Baba. Tamanin da ɗaya. Ka faɗa jiya."

"To ai sai ki bar ni da sauran sha tarar, zan nemo su a hankali."

Ya ɗora kofinsa mai fure a kan littafin. Da'irar da shayi ya bari a bangon tana nan har yau.

Sai ka yi mamakin yadda mutumin da ya shekara talatin yana gudun sa hannu ya koma mai sa hannu kamar injin. Amma ga wanda ya san shi, ba abin mamaki ba ne. A ofishin filaye ya ga manya iri-iri, kuma bai taɓa ganin babba ɗaya yana karanta takarda ba. Ƙananan ma'aikata ne suke karatu. Babba kuwa a kawo masa, a nuna masa wuri da yatsa, ya ja alƙalami yana hira da wani. A fahimtarsa girman ke nan. To yanzu shi ne babba. Auta ya saya masa hatimi mai tawada a jikinsa, wanda in ka danna yake ƙara kamar an harba ƙaramar bindiga, kuma Dawo-Gobe yana jin ƙarar nan har cikin ƙashinsa.

Matsala ɗaya ita ce dillalan suna zuwa da takardu daidai lokacin da yake ɗan runtsawa bayan cin abincin rana. Dogo ne ya kawo mafita.

"Baba, mu ma ba ma son tashinka. Ga hawa bene, ga masu haya ba su da haƙuri. Ka sa mana hannu a fom goma haka nan, mu riƙa cikewa a can. Ai kai ka tsara fom ɗin, me za mu canza?"

Ba shi ya tsara fom ɗin ba, amma maganar ta yi masa daɗi. Ya sa hannu a goma. Mako ya zagayo ya sa a ashirin. Sakatariya ta tsaya bakin ƙofa tana kallo, ta ce, "Baba, wannan fa kamar ka ba mutum wuƙa ne ka juya masa ƙeya." Ya ce mata ƙa'ida ta shida ta hana tsayuwa a bakin ƙofa. Ta koma teburinta, ta buɗe wani ƙaramin littafi, ta rubuta wani abu, ta rufe.

Wata goma sha ɗaya aka yi a haka, lafiya lau. Ya ƙara ƙiba. Matarsa ta cire lambobin robobinta. A unguwa aka fara kiransa Ciyaman, shi kuwa ya daina amsa sallamar yara da baki, sai da ɗaga yatsa.

Wata Asabar da hantsi yana yanke farce a tsakar gida, waya ta yi ƙara. Sakatariya ce.

"Baba, ka zo gida mai koren ƙofa, na bayan asibiti. Yanzu."

"Wane gida ne mai koren ƙofa?"

"Namu ne, Baba. Wata uku ke nan yana hannunmu."

Ya ce a nemi Auta. Ta ce Auta ya yi tafiya tun asuba. Ya ce Dogo fa? Ta ce wayar Dogo a kashe take tun jiya.

Tun daga bakin layi ya hango motocin kaya guda biyu, sun fuskanci juna hanci da hanci a ƙofar gidan, kamar raguna za su yi karo. Kowace an lafta mata kaya har sama: katifu, kujeru a kife, firji ɗaure da igiya. Unguwa duk ta fito kallo, har da mai ɗauke da jariri a kafaɗa don kada ya rasa.

A gefe ɗaya wani malamin makaranta ne, siriri, da matarsa da 'ya'ya biyar da kwalayen littattafai. A ɗaya gefen wata ma'aikaciyar jinya ce, ko kayan aikinta ba ta cire ba, da mahaifiyarta tsohuwa da aka zaunar a kan katifa a inuwar mota saboda ƙafafunta ba sa ɗaukarta. Kowannensu ya biya hayar shekara. Kowannensu yana da makulli, kuma an gwada, duka biyun suna buɗewa.

Sakatariya ta ce, "Ga Babban Dillalinmu." Sai taron ya dare masa hanya, irin darewar da ake yi wa wanda za a yi kallonsa.

Malamin ya miƙo takardarsa. Ma'aikaciyar jinyar ta miƙo tata. Dawo-Gobe ya riƙe ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Gida ɗaya, lamba ɗaya, ranar shiga ɗaya. A ƙasan kowace ga sa hannunsa mai doguwar jela da ya yi shekaru yana gwadawa a bayan kalanda, ga hatimi ya fito ras.

"Wannan kuskure ne na yara," ya ce. "Za a bincika."

"Ɗana," in ji tsohuwar daga kan katifa, ko da yake da ƙyar ta girme shi da shekara goma. "Matso in gani. Wannan hannun naka ne?"

"Nawa ne, Inna, amma..."

"Wancan fa?"

"Shi ma nawa ne."

"To Allah ya yi maka albarka. Wanne ne na gaskiyar? Ka faɗa mana mu san wanda zai sauke kaya, rana na dukana."

Gumi ya karyo masa ta ƙarƙashin hula. Ya duba hagu, ya duba dama, babu durowar da zai ja. Sai bakinsa ya yi abin da ya saba tun yana saurayi. Ya ce, "Ku yi haƙuri, ku dawo gobe."

Ma'aikaciyar jinyar ta dube shi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Mu dawo daga ina, Baba? Jiya na mayar da makullin tsohon gidan, yau wasu suke shiga. Ka gaya mini inda zan kai uwata in dawo da ita gobe."

A shekara talatin da ɗaya ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar. Duk wanda ya ce wa ya dawo gobe yana juyawa ne ya fita, kuma bai taɓa tunanin inda suke zuwa ba. Ya sake duban takardun biyu da ke hannunsa. Wani daga cikin 'yan kallo ya ce, "Ciyaman, a danna musu hatimi mana," aka fashe da dariya.

Matar malamin ce ta raba gardamar. Ta ce ita dai ba za ta tsaya tana kallon tsohuwa a rana ba. Gidan ɗaki biyar ne. Su ɗauki uku, mai jinya da mahaifiyarta su ɗauki biyu, kicin a yi karɓa-karɓa, har a ga abin da hali zai yi. Aka fara sauke kaya. Ba wanda ya sake bi ta kan Babban Dillali, sai wani ɗan dako da ya ce masa, "Baba, matsa, ka tare hanya."

Ran Litinin gidajen biyu suka tafi hukuma tare, a tasi ɗaya, suka shigar da ƙara. Bincike ya nuna kuɗin malamin ya isa hannun mai gidan, na ma'aikaciyar jinyar kuwa ya bi Dogo, Dogo kuma ya bi iska. Da aka buga wa Auta waya, sai ya ce shi fa ɗan aike ne kawai a ofishin nan, a duba takardun rajista a ga sunan wa ke ciki. Aka duba. Suna ɗaya ne.

Dawo-Gobe bai karaya ba. Ya ce wa matarsa an bar jaki ana dukan taiki, kuma zai nuna musu shi tsohon ma'aikaci ne. Ranar zaman kwamiti ya sa kayansa mafi kyau, ya ɗauki jaka, ya ɓamɓaro Ƙa'idojin Ofis daga bango ya sa a ciki.

Mutum uku ne a bayan dogon tebur. Ta tsakiyar, shugabar kwamitin, wata dattijuwa ce mai sanyin murya, irin sanyin da ke sa mutum ya saki jiki ya faɗa rami.

"Malam, wa ke sa ido a ofishinku?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Madalla. Yaushe ka fara ganin gidan da ake magana a kai?"

"Ranar Asabar ɗin."

"Fayil ɗin gidan fa?"

"Yana... ana kan buɗe shi."

"Gidaje nawa ne a hannun ofishinku yanzu haka?"

Ya dubi silin. Ya ce suna da yawa, alhamdu lillahi.

"To da me kake sa idon?"

Nan ne ya ji lokacinsa ya zo. Ya buɗe jaka ya zaro takardar, ya miƙa da hannu biyu, ya ce duk wanda ya karanta wannan zai san ofishin ba a sake yake ba. Na hannun damanta ya karɓa, ya gyara tabarau, ya fara karantawa a fili. Ya karanta ta ɗora ƙafa. Ya karanta ta fanka. Da ya iso kan kofi mai fure sai muryarsa ta fara rawa, na hannun hagu ya sunkuya kamar mai neman biro a ƙarƙashin tebur. Shugabar ce kaɗai ba ta murmusa ba.

"Ashirin da bakwai," ta ce. "Akwai guda ɗaya da ta ambaci gida, ko mai haya, ko mai gida?"

Ya yi tunani da gaske, tun daga ta ɗaya har ta ƙarshe. "Ta goma sha huɗu ta ce a ba baƙo wurin zama."

Aka kira Sakatariya. Ba ta so ta yi magana ba, ta ce Baba mutumin kirki ne, bai ci ko sisin kowa ba. Shugabar ta ce ba a tambaye ta kirkinsa ba. Sai ta fito da ƙaramin littafin nan. A ciki ta rubuta duk ranar da ta yi masa magana da amsar da ya ba ta, kalma da kalma, ɗabi'ar da ta koyo a wurin lauya. Sau goma sha huɗu. Aka karanta ta maki tamanin da ɗaya. Aka karanta ta tsayuwa a bakin ƙofa.

"Ranki ya daɗe," ya ce, "ni fa ban san komai ba. Wallahi ban sani ba."

"Mun yarda ba ka sani ba, Malam. Shi ne laifin. An ba ka lasisi ne don ka sani. Matar nan ba Dogo ta amince wa ba, ba ta san shi ba. Ta ga hatimi, ta ga sa hannun dattijo. Kowa ya ci ladan kuturu, ai ya san sauran."

Aka dakatar da lasisinsa shekara uku, aka rufe ofishin, aka ce shi zai mayar wa ma'aikaciyar jinyar haƙƙinta.

Fili ɗaya gare shi a duniya, wanda ya samu tun yana aiki, yana cewa na 'ya'ya ne. Shi ya sayar. Kafin ya sayar sai da ya koma tsohon ofishinsa neman takardun filin. Ya tafi da jarida da ruwa a gora, ya shirya wa zaryar wata guda. A inda teburinsa yake da, ya tarar da wata yarinya sa'ar 'yarsa gaban kwamfuta. Ta tambayi lambar filin, ta danna, ta tashi, ta dawo. Minti goma. Ta ce, "Ga shi, Baba. Akwai wani abu kuma?" Ya karɓa ya fito ya zauna a kan dakalin ƙofar ofishin, ya daɗe bai tashi ba.

Dangin matarsa kuwa suka yi zama, suka yanke cewa laifinsa ne. Auta yaro ne, shi ne babba, me ya sa bai kwaɓe shi ba? Bayan wata biyu Auta ya dawo da sabuwar mota, ya shigo falo, wannan karon ya hau kujera, ya ce, "Yaya, ƙaddara ce. Amma ni fa na sha ce wa Dogo, Yaya ba ya duba takarda, abin nan zai ja mana." Matar ta fito daga kicin. Ita ce ta goya Auta yana jariri, ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Ta buɗe ƙofar falo ta riƙe, ta ce, "Tashi. In ka sake tako gidan nan, da taɓarya zan karɓe ka." Da ya fita ta zauna kusa da mijinta, ta ce, "Ni na ce ka yarda." Ya ce, "Ke kika ce, amma hannun nawa ne." Shi ne karo na farko a zamansu da aka raba laifi a gidan ba tare da ya ɗora mata shi gaba ɗaya ba.

Sakatariya ta zauna jarrabawar hukuma a shekarar, ta ci, ba ta gaya wa kowa makinta ba. Ta kama ɗan shago mai ɗaki ɗaya kusa da tasha. Da ta nemi wanda zai riƙa zuwa duba gidaje, sai ta aika wa Dawo-Gobe. Ya yi kwana uku yana cewa shi ba zai yi aiki ƙarƙashin wadda ta tona masa asiri ba, ran na huɗu matarsa ta goge masa riga ta ajiye a bakin gado.

Yanzu in ka ga wani dattijo da tocila da igiyar awo yana leƙa bayan gidajen mutane, shi ne. Yana hawa tsani ya duba rufi. Yana ƙwanƙwasa wa maƙwabta ya tambaye su mutum nawa suka gani da makullin gidan. Masu gidaje sun tsane shi, don ba ɓarakar da ba ya rubutawa. In ya kawo rahoto, Sakatariya tana karantawa layi-layi a gabansa, yana tsaye, wani lokaci ta mayar da shi ya sake auno kicin. Da yamma yana zama da abokansa yana ƙorafi cewa matar nan ba ta yarda da kowa ba, ba ta san girman manya ba, kuma har yau yana nan a kan bakansa cewa kwamitin nan son zuciya suka yi masa.

Saura wata bakwai dakatarwar ta ƙare. Ya fara cewa in an mayar masa da lasisi zai buɗe ofishin kansa, har ya ga wani shago da ya yi masa. Matarsa ta ce ba laifi, Allah ya sa albarka, amma ta riga ta yi magana da Sakatariya, kuma sun yi ittifaƙi gwiwoyinsa sun fi lafiya tun da ya fara hawa tsani.